Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Murhun Gas, Laifuffukansa Da Maganinsu

 Kamar yadda muka saba, ga amsoshin da aka karanta muku a rediyo mun kawo su a rubuce, domin wanda yana gona ko yana kasuwa lokacin da aka yi shirin, ko kuwa batir ya ci amanarsa. Wannan makon wasiƙun da suka fi yawa a kan murhun gas ne, kuma galibinsu daga cikin birnin Kano suka fito, sai kaɗan daga ƙauyukan kewaye. Wannan ba abin mamaki ba ne. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya fara komawa ƙarƙashin gado, itace da gawayi kuma kullum kuɗinsu gaba yake yi, sai ga tukunyar gas ta shiga gidajen da a da ko sunanta ba a son ji. To amma ta shigo ba tare da an koya wa mutane halinta ba.

Kafin mu buɗe wasiƙa ta farko, ku riƙe wannan. Kayan gas kashi biyu ne. Akwai murhun kansa, inda wuta ke ci: wannan mai gida ko uwargida za su iya kwance shi su wanke su mayar. Akwai kuma tiyo da regileta, wato kan nan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, da ita tukunyar: waɗannan ba a yi musu faci, in sun lalace sai dai a sake sabo ko a mayar wa masu shi.

TAMBAYA: Wata baiwar Allah daga unguwar Yakasai ta ce da ta sayi murhunta wutarsa shuɗiya ce, yanzu kuwa ta koma ja-ja tana lilo, gindin tukunya yana baƙi kamar a itace ta yi girki. Ta ce ko mai sayar da gas ne yake haɗa mata da wani abu?

AMSA: Hajiya, da wuya laifin mai gas ne. Murhunki ne yake jin ƙishin iska. In kin ɗaga kan murhun kin leƙa, za ki ga wata 'yar ƙofa ta tagulla mai rami kamar na allura, masu gyara suna ce mata nozil. Ta nan gas ke fitowa da ƙarfi ya shiga wani bututu, a kan hanyarsa kuma yana jan iskar waje ta wata kafa da aka bari a gindin bututun. Gas da iska su gauraya tun kafin su kai wurin wuta. In iskar ta isa, wuta ta yi shuɗi, ta tsaya cak, ta yi zafi sosai. In iskar ta gaza, gas ba ya ƙonewa duka, sai ki ga jan harshe da hayaƙi, kina ƙona kuɗinki a kan shafa wa tukunya baƙi.

Me ke toshe hanyar iskar? Na farko tafasar miya da kunu da ruwan shinkafa da ke zubowa su bushe a ramukan kan murhu. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ta san hanyar kowane lungu. Na uku, kuma wannan ya fi yawa a murhun da aka ajiye aka yi tafiya, gizo-gizo ya yi saƙa a cikin bututun, ko zanzaro ya kai laka ya yi gini, ko kyankyaso ya mutu a ciki.

Ga yadda za ki yi. Rufe gas daga kan tukunya, ki bari murhu ya huce. Cire kan murhun ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da omo, ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace. Ki zura tsinken tsintsiya ko gashin kaza a bututun ki kwashe abin da ke ciki. Ki shanya su bushe ƙayau kafin ki mayar, ki kuma tabbata kan ya zauna daidai a mazauninsa. Amma fa nozil ɗin nan kada a kai masa ƙusa ko basilla. Ramin an auna shi ne daga masana'anta. Yara masu karambani sukan faɗaɗa shi wai don wuta ta ƙara ƙarfi, daga ranar kuwa murhun ba zai sake shuɗiyar wuta ba, gas kuma zai riƙa ƙarewa kamar ana ɗiba. In ya toshe a busa shi, ko a sa siririn gashin buroshi, in ya ƙi a sayi sabo, ba shi da tsada.

Sai dai a bambance abu biyu. Ran da hazo ya sauka za ki ga wuta tana shuɗinta amma tana tartsatsin ruwan lemo nan da can. Wannan ƙura ce kawai ke bi ta cikin wuta, ba ta ɓata tukunya, ba ta da illa.

TAMBAYA: Wani mai shayi a bakin Kasuwar Kurmi ya ce tasa wutar ba ja take yi ba, ƙugi take yi tana tashi daga kan murhu, wani lokaci ta mutu da kanta. Wani lokaci kuma sai ya ji "fat", wutar ta koma ciki tana gurnani.

AMSA: Malam, naka kishiyar na Hajiya ne. Wutar da ke tashi sama tana ƙugi, ko iska ta yi mata yawa, ko gas yana zuwa da ƙarfin da ya fi ƙarfin murhun. Duba regiletarka. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na girkin gida, wanda ke rage ƙarfin gas ƙwarai, za ka ga an rubuta 28 ko 30 a jikinsa. Akwai kuma mai murɗawa na manyan murahu, irin na masu dafa abincin biki. In aka ɗaura na biyun a murhun gida, ga abin da kake gani, kuma tiyo ma yana iya fita daga mazauninsa. Wutar da ke komawa ciki kuwa, yawanci kan murhu ne bai zauna daidai ba, ko ramukansa sun cinye sun yi faɗi don tsufa. Kashe nan take, kada ka bar ta tana ci a cikin bututu. In ya huce ka gyara zaman kan. In ta sake, kan ya gama aiki.

Masu tambaya a kan maƙyastun murhu da ya daina kamawa, amsarku gajera ce: ko ya jiƙe, ko maiƙo ya rufe bakinsa. A goge a bushe. In ya ƙi a koma ashana, amma a ƙyasta ashanar tukuna sannan a buɗe gas.

TAMBAYA: Wani magidanci daga Mandawari ya ce matarsa ta haihu, suna dafa ruwan wankan jego da gas safe da yamma. Ya ce da asuba wutar takan fara da ƙarfi, kafin ruwa ya tafasa ta yi sanyi, alhali in ya ɗaga tukunyar gas ɗin ya ji da nauyi. Har gumi take yi a jikinta. Wani maƙwabci ya ba shi shawara ya kwantar da ita ko ya ɗan kanga ta da wuta.

AMSA: Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ba mai jego lafiya. Amma Alhaji, shawarar maƙwabcin nan a bar ta a zaure, kada ta shigo cikin gida.

Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne, ba iska ba. Jijjiga ta za ka ji motsinsa. Haɗin abu biyu ne da ake samu wurin tace mai da iskar ƙasa, sunansu furofen da buten, an matse su har suka zama ruwa. Irin wanda kamfanin NLNG na tsibirin Bonny ya fara sayarwa a kasuwar cikin gida tun 2007 ke nan. Da ka buɗe, sai saman ruwan ya riƙa tafasa yana zama iska, kuma tafasar nan zafi take bukata, tana jawo shi ne daga jikin ƙarfen tukunyar da iskar da ke kewaye. In kana jan gas da yawa na dogon lokaci, kamar dafa babbar tukunyar ruwa, ƙarfen sai ya yi sanyi ƙarara, raɓa ta kwanta a kansa, tafasar ta ragu, wuta ta yi rauni. Buten kuwa da ma raggo ne a sanyi, in sanyin ya kai na ƙanƙara tsayawa yake yi gaba ɗaya. Shi ya sa abin ya fi damunka da asubar hunturu, kuma ya fi tsanani in gas ya yi ƙasa a tukunya ko tukunyar ƙarama ce.

Ai kun ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. 'Yar tukunya mai kilo 3 ko kilo 6 ta shayi ce da ɗan girki. Ruwan jego na kwana arba'in yana son mai kilo 12.5. In ba hali, a raba ruwan kashi biyu, a bar tukunyar ta huta tsakani, a kuma rufe tukunyar ruwa da murfi, wannan kaɗai yana rage gas ba kaɗan ba.

Kwantar da tukunya kuwa, abin da yake yi shi ne ya tura ruwan gas ɗin kansa cikin regileta da tiyo. Ruwan nan in ya fito yana kumbura ya ninka kansa wajen sau 250. Wato maimakon ɗan harshen wuta, sai gobara ta tashi har rufin ɗaki. Kanga ta da wuta ko zuba mata tafasasshen ruwa kuma, wannan ba ma sai mun tsaya bayani ba. Tukunyar gas a tsaye take aiki, a tsaye ake ajiye ta, a tsaye ya kamata a ɗauko ta, ko a babur ne.

In kuwa wuta ba ta da ƙarfi tun daga farko, kuma tukunya ba ta gumi, to a duba ko tiyo ya lanƙwashe ko wani abu ya danne shi, ko regileta bai shiga sosai ba. Wasu regiletocin suna da abin tsaro da ke datse gas in an buɗe da gaggawa. A rufe komai, a jira minti ɗaya, a buɗe na kan tukunya, sannan na murhu.

Akwai magana ɗaya da ba ka tambaya ba, amma dole mu faɗa, domin ta fi duk sauran. Kada a shigar da murhun cikin ɗakin mai jego ko cikin makewayi a rufe ƙofa don gudun sanyi. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, irin wadda gawayi da janareto ke fitarwa. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta ƙwace gurbin iskar da muke shaƙa. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sai barci, daga barcin kuma wani ba ya tashi. Jariri ya fi kowa saurin kamuwa. Ɗakunanmu na cikin birni, masu kaurin bango da 'yar taga ɗaya can sama wadda ake toshewa da tsumma da sanyi, su ne ainihin inda wannan abu ke kisa. Faffaɗar tukunya da ta rufe kan murhu ruf tana ƙara haifar da ita. A dafa ruwa a tsakar gida ko a rumfa, a kai shi ɗaki. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fitar da su waje, a kashe wuta, a tafi asibiti, kada a tsaya cewa mayu ne ko iska.

TAMBAYA: Wani manomi daga ƙasar Gezawa ya ce yana zargin mai gas ba ya cika masa. Yaya zai gane? Kuma ko ya halatta ya nemi gyara kamar yadda ake yi wa mai sayen hatsi?

AMSA: Baba, sikelin da kake auna waken suya da shi ya isa ya raba gardama. A wuyan kowace tukunya ko a jikin mariƙinta an buga nauyinta in babu komai ciki, yawanci bayan haruffan TW. Misali in an rubuta 14, ka sayi kilo 12.5, to sikeli ya nuna 26.5. Auna kafin a zuba, auna bayan an zuba, a gaban mai shago. Da haka kuma za ka san abin da ya rage maka a gida.

Gyara kuwa, a nemi ta wurin mai gero. Da gangan ake barin wajen kashi ɗaya cikin biyar na tukunya babu komai, saboda ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi. Ka tuna zafin Afrilu a Kano, da ma'auni ke haura 40. Tukunyar da aka cika maƙil aka ɗaura a bayan babur cikin wannan rana, ba ta da inda za ta kai kumburin. Mai gas da ya ƙara maka fiye da abin da aka rubuta ba alheri ya yi maka ba. Haka kuma a guji tsayawa a shagon da ake juye gas daga wata tukunya zuwa wata a cikin jama'a, kusa da mai shayi ko mai walda. A watan Janairu na 2020 wani shagon gas ya tashi a Sabon Tasha ta Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa a lokacin. Hukumar NMDPRA, wadda aka kafa a 2021, ita ke ba masu wannan sana'a lasisi, kuma ba laifi ba ne ka tambayi mai shago nasa.

TAMBAYA: Wasiƙu da dama, daga Koki da Ƙofar Wambai da Gwale, duk maganarsu ɗaya: muna jin warin gas ko murhu a kashe yake.

AMSA: To jama'a, a nan ne za mu daɗe. Shi gas asalinsa ba shi da wari. Ɗoyin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da gangan ake zuba shi don hanci ya yi gadi. An koyi wannan darasi ne da tsada: a 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya tashi da ita, mutane kusan 300 suka mutu, yawancinsu yara. Saboda haka wanda ya ji wari ya ce "haka gas yake", ya kori mai gadinsa ne. Kayan gas masu lafiya ba sa wari, sai ɗan abin da ba a rasa ba lokacin da ake ɗaura regileta.

Abu na biyu, gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya bi taga kamar hayaƙi. Kwanciya yake yi a ƙasa ya malala kamar ruwa, ya nemi wuri mai gangare. Ku dubi gidajenmu na cikin ganuwa: da yawa daɓen ɗaki ya fi lungu zurfi, sai an taka an sauka. Ga rijiya a tsakar gida, ga masai, ga kwata. Duk waɗannan matattara ce. Kuma in ya kai kashi 2 kacal cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Mai kwana a tabarma shi ne a cikinsa tsundum, mai tsaye kuwa wataƙila bai ma ji ba.

In kun ji wari, ga abin yi. A rufe gas daga kan tukunya. A buɗe ƙofa da taga. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada a kunna fanka wai ta kore shi, kada a tayar da janareto, kada a ƙyasta komai. A kashe garwashi da turaren wuta da maganin sauro, a gaya wa matan gida su ma su kashe nasu. A fitar da yara. In an cire regileta tukunyar tana ci gaba da huci, a ɗauke ta a tsaye zuwa fili, nesa da rijiya da kwata da wuta, a kira mai gas.

Neman inda yake yoyo kuwa, da ruwan sabulu ake yi. A kaɗa omo ya yi kumfa, a shafa da soso a bakin tukunya, da gindin regileta, da tiyo tun daga wannan kai har wancan, sannan a buɗe gas murhu yana kashe. Inda kumfa ke hura ƙwai yana girma, nan ne. Masu gwadawa da ashana suna nan har yau, wasunsu ma masu gyara ne. Duk wanda ya zo gidanka ya ciro ashana don gwaji, ka sallame shi tun daga soro.

Wurare uku ne suka fi yoyo. Akwai wata 'yar baƙar roba a cikin bakin tukunya, wadda regileta ke zama a kanta. Takan tsage, ko ta faɗi wurin cikawa ba a lura ba. Leƙa ka gan ta tun a shago, in babu a sa maka sabuwa, kada a cusa leda a madadinta. Sai bakin tiyo, inda ya kamata a ɗaure da zoben ƙarfe mai noti, amma sai ka ga an naɗe da waya ko robar tayar keke. Sai jikin tiyon: zafi ya busar da shi ya tsattsage, mai ya ci shi, ko ɓera ya ɗanɗana. Lanƙwasa shi ka duba, in ka ga zane-zanen tsagewa ya mutu. Ba a naɗe shi da salatif, ba a haɗa guntaye biyu. Kuma tiyon ban ruwa ba na gas ba ne, ko da ya shiga daidai. Na gas yana da kauri da zare a cikinsa, da rubutu a jiki. A namu ganin, da irin zafin ƙasar nan, duk shekara biyu a sake shi ko bai nuna komai ba, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa biyu ba.

Ita tukunyar kanta, hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ƙayyade mata shekara 15, shekarar da aka ƙera ta kuma tana buge a jikinta. Ta gindi take fara mutuwa, inda danshin daɓe da ruwan wanke-wanke ke sa tsatsa, don haka a ɗora ta a kan katako ko bulo, a riƙa leƙa ƙasanta. Tsohuwar tukunya da aka shafa wa sabon fenti tana da yawa a kasuwa, a karanta shekara kafin a biya. Wadda ta huje kuwa ba a kai ta wurin mai walda, ko an rantse babu komai a ciki.

In har wuta ta kama a tiyo ko a bakin murhu, kuma hannu zai iya kai wa, a jiƙa buhu ko bargo a kare hannu a rufe gas daga kan tukunya, wutar za ta mutu da kanta. In ta riga ta lulluɓe tukunyar, a fita da kowa, a sanar da maƙwabta, a kira 'yan kwana-kwana. A tura yaro bakin titi ya tarye su, domin kun san motarsu ba ta shiga yawancin lungunanmu, minti biyar na neman gida kuwa ba kaɗan ba ne a unguwar da bango ke jingine da bango.

TAMBAYA: Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ya sayo na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas, irin wadda ake kafawa a bango, ya ce ta ƙi kamawa.

AMSA: Alhaji, irin wannan na'ura ba ta kunna wuta sai ta ji ruwa yana bi ta cikinta da ƙarfi, an yi haka ne don kada ta ƙone a bushe. Gidan da ruwansa na 'yan garuwa ne, ko tankinsa bai da tsawo, ba za ta taɓa tashi ba sai an ɗaga tanki ko an sa ɗan injin turi. In ruwa da ƙarfinsa, duba batiran da ke ƙasanta, yawanci manya biyu ne irin na tocila, sannan ka wanke 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa, yashin rijiyar burtsatse yakan toshe ta. Iyakar abin da za ka taɓa ke nan. A Ingila, inda yawancin gidaje ke ɗumama ɗaki da ruwa da babbar irin wannan na'ura, doka ta hana kowa yin sana'ar gyaranta sai mai rajista. A ƙasashen Aljeriya da Maroko kuwa, inda ƙananan suka yi yawa, duk hunturu sai an ji ta kashe mutane a banɗaki da gubar nan da muka ambata. A kafa ta a waje ƙarƙashin rumfa, bututun ruwan zafi kaɗai ya shiga makewayi, bututun hayaƙinta kuma ya kalli sama babu abin da ya rufe shi.

Wanda ya aiko da tambaya a kan mayar da injin ban ruwa ya koma aiki da gas, ya yi haƙuri, wasiƙarsa ta iso, ita za mu fara buɗewa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.